Daga El Buhari zuwa Hana Fitar da Hatsi: Tarihin Rufe Iyaka a Ƙasar Maraɗi

Cadakori ba garin bakin iyaka ba ne. Yana cikin gundumar Gidan Rumji, arewa da Tsibirin Gobir, kuma mai son ganin shingen duwan sai ya wuce Maraɗi ya miƙa kudu har Ɗan Isa. Amma fiye da shekara ɗari ke nan kuɗin tiyar hatsi a Cadakori da Agye da Gazawa yana hawa yana sauka da abin da ake yi a wannan shinge. Wake da aya da riɗi da raguna na wannan ƙasa kudu suke nufa, su bi ta Jibiya da Katsina su sauka a kasuwar Dawanau ta Kano. Masara da dawa da garin rogo da takin zamani kuwa daga can suke hawowa. Ranar da Yamai ko Abuja ta ce kaza ba zai fita ba, kafin takardar ta gama zagaya ofisoshi labarin ya riga ya iso bakin ma'auni.

Wannan hanya ta girmi gwamnatocin nan biyu. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Katsina ta faɗi wajen 1807, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka yi arewa suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri. Shekara da shekaru ana kai wa juna hari, har ƙasar da ke tsakani ta koma ƙungurmin daji. A watan Janairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya biyo ayarin gishirin Abzinawa ta Tasawa ya sauka Gazawa, daga nan suka ratsa wannan daji cikin ɗar-ɗar har Katsina. Ana tsakiyar gaba, amma gishirin Bilma yana isa kasuwar abokan gaba, tufafin Kano kuma suna hawowa. Sarakunan wancan zamani kuɗin fito suka fi nema a kan ayari, domin sun san hanyar da aka toshe ba ta ciyar da fada.

Iyakar kanta Turawa ne suka shata ta, kuma sai da suka yi ta gyarawa. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin Tafkin Cadi. A 1898 aka sake zama, haka a 1904 da 1906, saboda Faransawa sun gano rabon da aka ba su ba shi da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Neman wannan hanya ta ruwa ne ya sa Kwanni da Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa alamu. Babu wanda ya tambayi Bakatsinen Maraɗi ko Bagobirin Sabon Birni inda gonarsa take da inda surukansa suke.

Jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, ya ƙarasa kashe fataucin Sahara, ya tayar da na gyaɗa. Talakan ƙasar Faransa dole ya biya lanho da kuɗi, gyaɗa kuwa ita ke kawo kuɗi. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, kuma gyaɗar da suka auna ta Kano take bi ta hau jirgi zuwa Legas. Ƙasa ta Faransa ce, ƙofarta kuma tana hannun Ingila. Rufewa ta farko mai tsanani ta zo da yaƙin duniya na biyu. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Bishi mai bin Jamus, Najeriya kuwa tana tare da Ingila. Aka tsare iyaka, yadi ya yi wuya, kuma wanda aka kama yana ƙetarewa da kaya ya sha hukunci. A shekarun nan ne mutane da yawa suka ƙware a hanyoyin dare.

Faransawa ba su manta da wannan ba. A farkon shekarun 1950 suka fito da shirin da suka kira Hirondelle, na tallafa wa motocin da za su kwashi gyaɗa su kai Faraku ta Dahomey, daga can jirgi ya kai Kwatano. Hanya ce mai nisa da tsada, amma tana cikin ƙasar sefa. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnatin Jori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai, a can kudu kuma hukumar ciniki ta Jihar Arewa ke yanka farashi. Gwamnati biyu, farashi biyu, gyaɗa iri ɗaya. Shekarar da Nijar ta fi biya, jakuna sukan kwana suna hawowa da buhunan Katsina da Daura. Shekarar da Najeriya ta fi, na Madarumfa da Gazawa su gangara. Kowace hukuma ta kira abin fasa-ƙwauri. Manomin da ya ɗora wa jakinsa buhu biyu kuwa kasuwar da kakansa ya ci ita yake ci.

Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya sake juya al'amura. Masana'antu da tashoshin ruwa na kudancin Najeriya sun shiga rikici, Arewa tana neman kaya, sai ƴan kasuwar Maraɗi suka shiga tsakani. Daga nan aka fara babban cinikin wucewa da kaya: a sauke taba sigari da atamfa a Kwatano da sunan Nijar, a biya harajin wucewa, a ajiye a manyan ɗakunan ajiya na Maraɗi, sannan a tsallaka da su Najeriya, inda aka hana shigo da su ko aka ɗora musu kuɗin fito mai yawa. Alhazan Maraɗi da Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, wannan ciniki ne ya ɗaga da yawansu. Duk lokacin da Legas ta ƙara wani abu cikin jerin haramtattun kaya, kamar shinkafa a 1985 da alkama a 1987, sabuwar ƙofar arziki ce ta buɗe wa mai jari a wannan gefe. Baitulmalin Nijar ma yana samun rabonsa, kuma wannan shi ne ƙorafin da Najeriya ta daɗe tana yi. Ƙorafi ne mai tushe, ko da ba a jin daɗin faɗarsa a Maraɗi.

A takarda dai zumunci ake ta ƙullawa. A 1971 aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Najeriya mai mazauni a Yamai, a 1975 aka kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, a Legas, a 1979 aka sa hannu kan ƴancin zirga-zirgar jama'a. A gona kuwa, farin 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma. Manoma suka koma wake, a wajen Agye da Caduwa kuma aya ta samu gindin zama. Babban mai sayen waken Nijar Najeriya ce. Ashe dogaro da hanyar kudu ƙaruwa ya yi.

Sai shekarar 1984. Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983, kuma a watan Afrilu gwamnatinsa ta ba da sanarwar canjin kuɗi. Aka sauya launin takardun naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin banki, ba a canza wa mutum fiye da naira 5,000 hannu da hannu. Don kada nairar da ke waje ta komo, aka rufe iyakokin ƙasa ruf. A ƙasar Maraɗi naira kuɗin gida ce. Dillalin shanu da ita aka biya shi, ɗan cin rani ita ya ɗauro a ƙugunsa, tsohuwa ita ta ƙulle a bakin zane ta tura ƙarƙashin tukunya. Da wa'adi ya cika, duk wanda bai samu mai tsallaka masa da ita ba ya wayi gari da takardun da ko goro ba za su saya ba.

Aka gama canji, iyaka ba ta buɗe ba. Daminar wannan shekara kuma ta ƙi. Hatsi ya bushe tun bai fid da kai ba, makiyaya suka gangaro da dabbobin da ƙashi ya fito musu, ga shi babbar kasuwarsu a toshe. A duk yunwar da aka yi a baya, mafita biyu talaka yake da su: ya sayar da bisa ya auno hatsin kudu, ko ya tura samarin gida cin rani Kano da Zariya su aiko da abin da ya samu. Wannan karo duka biyun aka datse. A watan Mayun 1985 ma aka kori dubban ɗaruruwan baƙi daga Najeriya, ƴan Nijar da yawa a cikinsu, suka komo gidajen da babu abin ɗora tukunya. Mutane suka ci anza da dusa. Shi ya sa har yau a karkarar Nijar ana kiran wannan yunwa El Buhari. Ba shi ya hana ruwa sauka ba, wannan kowa ya sani, amma rufe hanya ne ya mai da fari ya zama bala'i ga gidaje masu yawa. Sai a watan Maris na 1986, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka buɗe.

Shekarun da suka biyo baya na kuɗi ne. Naira ta yi ta faɗuwa daga 1986, kayan Najeriya suka yi arha suka cika kasuwanni, fetur ɗin da gwamnatin can ke tallafa wa ya cika kwalabe a bakin titi. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, ma'aunin ya ɗan karkato. A 1989 Najeriya ta yi dokar hana fitar da wake da masara da shinkafa da rogo da doya, dokar da akan bar ta tana barci sai abinci ya yi tsada a tashe ta.

A 2005 aka sake ganin inda wannan ke kaiwa. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka a wasu wurare, gibin hatsin Nijar ya kai tan 223,000. Gibi ne da kasuwa za ta iya cikewa a shekarar da hanya ke buɗe. Amma a wannan shekara hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya, ƴan kasuwa suka kwashi na Maraɗi tun da kaka suka gangara da shi. Da bazara ta yi, lokacin da ya kamata ya juyo, maƙwabta suka tsuke bakin buhu: Burkina Faso da Mali suka hana fita, Najeriya ma ta matsa a kan iyaka. Farashi ya ninka. Jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, ita ta zama cibiyar tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara, mafi yawansu a wannan jiha, yayin da Shugaba Mamadu Tanja ke musun cewa ana yunwa. Hatsi yana nan jibge a kasuwa, abin saye ne babu. Magidancin da ya sayar da amfaninsa da arha a watan Oktoba don biyan bashin a-ci-ba-daɗi, shi ne ya dawo a watan Yuli yana auna tiya ɗaya da kuɗin da ya sayar da biyu ko fiye. Bayan wannan ne aka fara maganar shirin Kano, Katsina da Maraɗi, wato a riƙa kallon garuruwan uku a matsayin kasuwa guda. Taruka an yi su da yawa.

Ranar 7 ga Yulin 2019, a Yamai, Shugaba Buhari, wanda ya sake dawowa mulki, ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Ranar 20 ga Agusta ya rufe iyakokin ƙasa. Hujjarsa ita ce shinkafar waje da ke shigowa ta Benin da Nijar tana kashe manomin Kebbi da Jigawa, ga makamai, ga fetur da ke zurarewa. A Nuwamba aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Ɗan Isa da Kwanni, albasa ta ruɓe a cikinsu. Amma kaya bai daina wucewa ba, babura ne suka gaji manyan motoci. Yaro ya ɗaura buhu uku ko huɗu, ya kashe fitila, ya bi ta cikin gonaki da dare, a kowane shinge ya miƙa abin da aka saba miƙawa. Kuɗin ɗauka ya ninka, kuma daga jikin manomi da mai saye ake cire shi. An buɗe Illela da Maigatari ranar 16 ga Disamban 2020, ƙofar Jibiya kuwa, wadda ita ce ta Maraɗi, sai a Afrilun 2022.

A cikin waɗannan shekaru, abin da ya fi ƙetarowa arewa mutane ne. Daga 2019 dubban iyalai suka gudo wa ƴan bindiga daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka faɗo ƙauyukan Gidan Rumji. Daga baya aka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Mutanen ƙauyuka sun karɓe su sun raba ɗan abin da ke rumbu tun kafin motocin agaji su iso. Ana hana buhun wake wucewa, talakawa kuwa suna buɗe wa juna ƙofar gida. Ni a ganina wannan ya isa ya sa masu yanke hukunci su ji kunya.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da ya kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazum ya kawo Janar Abdurahman Tiani, ya jawo rufewa mafi faɗi. Ranar 30 ga wata CEDEAO ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi. Najeriya, wadda a lokacin ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta, ta yanke. Wutar Maraɗi da Damagaram daga Katsina take zuwa, a Gazawa layin ke rabuwa biyu, don haka mai injin niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara duk suka ji a jikinsu. Magani ya yi ƙaranci, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo. Da aka fara maganar tura soja Nijar, sanatoci da sarakuna da malaman arewacin Najeriya suka fito suka ce ba za a yaƙi ƴan uwa ba, domin Jibiya da Illela ma sun durƙushe. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata gefen ranar 22. Amma zukata sun riga sun ɓaci. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga CEDEAO tun Janairu, kuma ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A Fabrairun 2024 ɗin nan ma, da tsadar abinci ta tayar da zanga-zanga a Najeriya, jami'an kwastan sun yi ta tare motocin hatsi masu nufar Nijar.

Daga nan sai reshe ya juya. A watan Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta yi ɓarna sosai a jihar Maraɗi, gwamnatin Tiani ta hana fitar da shinkafa da hatsi da dawa da masara da wake zuwa ko'ina in ba Mali da Burkina Faso ba. A watan Mayun 2025, gab da Babbar Salla, ministan kasuwanci Abdullahi Saidu ya hana fitar da dabbobi. Ba na raina dalilin. Wanda ya ga 2005 da idonsa ba zai so ya sake ganin ana kwashe rumbun ƙasa da kaka ba, kuma ma'aikacin Yamai ya samu sauƙin cefane da na ragon layya. Amma a dubi wanda ya biya. Wake ba abincin yau da kullum ba ne kawai ga manomin Cadakori, shi ne kuɗinsa: da shi yake biyan bashin taki, ya yi wa yara ɗinki, ya aurar. Bamako da Wagadugu ba za su sha waken da Dawanau ke sha ba, nisan ma kaɗai ya isa. Matar da ta ɗaure rago wata shida tana ba shi harawa da dusa, lissafinta a kan dillalan Najeriya ta yi shi. Idan an hana fita, farashi yakan faɗi a daidai lokacin da ƙaramin manomi ke sayarwa, mai ɗakin ajiya ya saye ya jira, kuma ko an hana ko ba a hana ba buhun zai kwana a Jibiya a bayan babur. An rage wa wanda ya noma, an ƙara wa wanda ke tsaye a hanya.

Gwamnati tana da hanyar kare cikin jama'arta ba tare da ta karya manomi ba. Tun 1970 aka kafa OPVN don wannan aiki: ta sayi hatsi da kaka a kan farashin da zai fisshe mai gona, ta ajiye, ta fitar da bazara da rahusa. Wannan yana cin kuɗi, doka kuwa takarda ce da sa hannu, shi ya sa kowace gwamnati, ta soja da ta farar hula, a can da nan, ta fi saurin miƙa hannu ga doka.

Tun 9 ga Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu. Kafin jirgin farko ya iso, ina kira ga Yamai da Abuja su tayar da Hukumar Haɗin Gwiwar nan ta 1971, su rubuta a fili cewa rikicin siyasa ba zai sake taɓa abinci da magani da wuta ba. In kuma dole sai an hana fitar da wani amfanin gona, a faɗa wa manomi tun kafin ruwan shuka, kada a bari sai ya ɗaure buhunansa.